Itacen da Suka Sare Cikin Azumi

Shekaranjiya da hantsi ina zaune bakin taga ina tsince shinkafar buɗa-baki, sai ƙarar zarton inji ta taso daga wajen hanyar taram, jirgin nan da ke bin titi cikin gari. Na leƙa. Ma'aikata ne uku suna datse rassan itatuwan bakin titi. Cikin watan Afrilu, jama'a, lokacin da kowane reshe ke ɗauke da sheƙa! Ban san sa'ad da na ture faranti ba, shinkafa ta watse bisa darduma.

Ɗiyata Nafisa, wadda ta biyo ta gaishe ni kafin ta wuce wurin aiki, ta ce, "Inna, calme-toi, kwantar da hankalinki. Itace ne fa kawai."

Na dube ta na ce, "Ke ma?"

Ba laifinta ba ne. Ba a haife ta ba lokacin da aka fara gaya mini wannan magana, a wata tsakar gida da ke La Chapelle cikin Paris, a azumin shekarar 1987. Tun ranar nan abin ke ƙona mini rai, kuma tsufa bai rage komai ba.

Na iso Paris daga Tasawa ƙarshen 1986, shekaruna ashirin da biyu. Maigidana Malam Sani ya riga ni zuwa da shekara uku. Yana tsaron kantin atamfa da shadda na Alhaji Garba, wani ɗan Maraɗi da ya daɗe a Barbès, wanda duk ɗan Nijar da ya sauka unguwar sai ya bi ta hannunsa. Ɗakinmu ɗaya ne, a ƙasa, can ƙuryar wani tsohon bene mai hawa biyar. Sai ka ratsa zaure mai duhu, ka wuce ɗakin gardiye, wato mai gadin gidan, sannan ka faɗa tsakar gida, wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma takwas ba. Kwandunan shara na gefe ɗaya, wani ruɓaɓɓen ɗakin ajiya na ɗaya gefen, ga kuma wani itace jingine da katanga daidai tagarmu, ba ganye ko ɗaya a jikinsa. Ranar da na fara ganinsa na ce wa Malam, "Mutanen nan ba su san darajar itacen girki ba. Ga busasshe tsaye, ba mai taɓa shi."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Bari dai, Rakiya, za ki gani."

Abin da na fara gani sanyi ne. A watan Janairun nan famfon tsakar gida ya daskare, sai na hau bene na biyu in ɗebo ruwa a bokiti. Na shanya zane a waje, na dawo na tarar ya ƙage kamar kilishi. Bangon ɗakinmu yana zufa, bargo yana warin danshi. Malam ya fita tun da duhu, ya dawo da duhu. Ban iya Faransanci ba sai gaisuwa. Turmin da na ɗauko tun daga gida, sau ɗaya na daka barkono a ciki, gardiye ya zo ya buga ƙofa yana nuna sama da yatsa, wai na dami mutane. Na tura turmin ƙarƙashin gado. A Tasawa ka farka da kukan zakara da jaki da dakan mata goma a lokaci guda. A nan in wuni ban ji muryar da ta san sunana ba.

Wata safiya na kakkaɓe ɓarɓashin burodi a bakin taga, sai ga gwara huɗu sun sauko, sun kumbura gashinsu saboda sanyi kamar ƙwallon auduga. Na tsaya ina kallonsu har shayina ya huce. Kashegari na ƙara musu. Da haka na san Madam Lusiyen, tsohuwar da ke bene na farko, daidai saman ɗakinmu. Ta yi aikin guga a wani gidan wanki shekara arba'in, yatsunta duk sun lanƙwashe. Ashe ita ma tana jefa musu burodi daga sama. Rannan ta sauko da kyar tana dafa bango, ta nuna tsuntsayen ta ce, "Moineau." Ni kuma na ce, "Gwara." Ta gwada, ta kasa, muka yi dariya. Kalmata ta farko kenan a Faransanci da ba ta kasuwa ba ce.

Daga nan kullum da hantsi sai ta sauko. Mu biyu muka share ƙuryar da itacen yake, muka kwashe fasassun kwalabe da tsohuwar tayar keke, ita tana riƙe buhu ni ina zubawa. Ta kawo wani tsohon kwanon wanka mai tsaga, na riƙa cika shi da ruwa. Ta koya mini sunan ruwa, sunan sama, sunan sanyi, yadda ake cewa na gaji da yadda ake cewa na sani. Tana kirana "ma petite", wato 'yar ƙaramata. Ni kuma a raina na ba ta matsayin kaka, in na yi miyar kuka sai na hau na kai mata, ta ci tana hawaye saboda yaji tana cewa a ƙara.

Sai ga watan Maris ya ƙare, busasshen itacen nan ya fara toho. Wallahi na ɗauka idona ne. Cikin kwana goma ya rufe da ganye, kore shar, ba tare da damina ta faɗi kamar yadda na san damina ba, sai yayyafi siriri da ba ya ko jiƙa mayafi. Na kira Malam ya zo ya gani kamar ni na yi abin. Madam Lusiyen ta ce sunansa sureau, kuma in na yi haƙuri zai yi fure fari. Tsuntsaye suka ƙaru. Akwai wasu ƙanana masu shuɗin kai da rawayan ƙirji da ke lilo a reshe ƙafa sama kai ƙasa. Akwai kurciyoyi biyu. Sannan akwai wani baƙi wuluk mai rawayan baki, wanda suke kira merle, da matarsa mai launin ƙasa.

Azumi ya kama ƙarshen Afrilu. Wanda bai yi azumi a ƙasar nan cikin watan Mayu ba, ba zai gane ba. Ba zafin rana ba ne kamar na gida, tsawon ranar ne. Ƙarfe shida na yamma rana na tsaye kamar la'asar sakaliya ba ta ma yi ba. Ƙarfe takwas cikinka na kiran sunanka, sama na nan fes. Sai bayan tara ake shan ruwa. Kafin ka ci ka yi asham ka ɗan runtsa, lokacin sahur ya yi. Ba kiran salla, ba mai ganga da ke zagayawa tashin mutane, sai wata 'yar takardar lokuta da Malam ya karɓo a masallaci ya manna a bango. Amma da alfijir ya kusa ketowa, baƙin tsuntsun nan zai hau ƙololuwar itace ya fara. Murya ce mai garɗi, yana ja yana saki, ba gaggawa. Na sa masa suna Ladan. Malam ya ce, "Ki ji tsoron Allah, Rakiya, takarda za mu bi." Amma na kama shi sau da yawa ya tsaya da kofin ruwa a hannu yana saurare.

Haka ranakun suka riƙa tafiya. In Malam ya fita, in yi wanki a baho, in share ɗaki, in canja wa tsuntsaye ruwa. Laraba da Asabar in tafi kasuwar Barbès da ke ƙarƙashin gadar metro, jirgi na wucewa bisa kaina ƙasa na girgiza, ƙamshin lemo da na'ana'a da gasasshen nama na bin mai azumi har cikin ƙoƙon kai. In dawo in jiƙa geron kunu. Geron wuya gare shi a lokacin, sai wani ya zo daga gida, amma kullum sai na ware cikin tafin hannu na watsa gindin itace. Tuwon kuma na semul ne, wato tsakin alkama, tunda shi ake samu. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da yunwa ke sa mutum jin haushin kowa, sai in ɗauki kujera 'yar tsugunno in zauna bakin ƙofa. Can na ga matar Ladan tana jigilar ciyayi da laka. Ta gina sheƙa a inda rassa uku suka rabu. Daga tagar matakala ana hango ciki. Ƙwai huɗu, shuɗi-shuɗi da ɗigo-ɗigo. Ni da Madam Lusiyen muka riƙa hawa muna leƙe kamar masu jiran haihuwar 'yar uwa. Ranar da suka ƙyanƙyashe ta rungume ni a kan matakala.

Abin da ya jawo masifa ƙaramin abu ne. Farkon Mayu tsattsewa suka iso, suna yawo saman benaye suna ƙara da maraice. Su kam na san su tun gida. Wata rana bayan an kwana ana ruwa na tarar da ɗaya a ƙasa kusa da kwandon shara, fukafukai a baje, ta kasa tashi, ga kyanwar maƙwabta na laɓe bisa katanga. Na ɗauke ta na sa cikin mayafi na shiga ɗaki. Matar gardiye na tsaye da tsintsiya tana kallona. Na sa tsuntsuwar cikin kwali ta bushe. Da Malam ya dawo muka hau har bene na biyar, ya ɗora ta a tafin hannu ya miƙa ta taga, ta yi jim, sai ta faɗa iska ta tafi. Babu wanda ya san wannan sai Madam Lusiyen da muka biya muka gaya mata, ta tafa hannu. A ranar kuma Alhaji Garba zai sha ruwa a wurinmu, na soya kaza da albasa, ƙamshi ya cika gidan.

Bayan mako guda wasiƙa ta zo daga wakilin mai gidan. Malam ya bari sai da muka sha ruwa sannan ya karanta mini, yana fassarawa a hankali, yana tsallake wasu wurare, ni kuma ina cewa ya koma. Wai mazauna gidan sun kai ƙorafi a rubuce. Wai matar da ke ɗakin ƙasa tana zuba abinci a tsakar gida, ta jawo ɓeraye. Wai kuma an gan ta tana kama tsuntsaye tana kaiwa ɗaki tana dafawa, abin da ya saɓa wa tsabta da al'adar gidan. Wai za a tsabtace tsakar gidan, kuma in an sake, za a duba batun zamanmu.

Na ajiye ludayin kunu. Na ce, "Ni? Ni ce na ci tsattsewa?"

Ɓerayen nan kowa ya san daga inda suke. Bayan katangar akwai kicin ɗin wani gidan abinci, kuma murfin kwandunan shararmu biyu a karye suke tun kafin in zo. Gardiyen da aikinsa ne ya gyara, shi ne ya zaga da takarda ɗaki-ɗaki. Ni da ko a gida ban taɓa iya yanka kaza ba sai na kira wani. Ni da nake hana cikina gero ina ba su. Aka rasa abin da za a ce na yi sai wannan, don kowa zai yarda. Baƙar mace ce, daga can ta zo, ai su komai ci suke.

Na ce, "Malam, gobe ka je ka gaya musu. Kai ka sake ta da hannunka."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Rakiya, watan gobe za a sabunta takardar zamanki. Sai da shaidar wurin kwana. In suka kore mu daga ɗakin nan fa? Ki daina zuba geron. Ki yi haƙuri."

"An yi mini ƙarya, kuma ni ce zan yi haƙuri?"

Ya ninke takardar ya sa aljihu. Kashegari ya turo mini Alhaji Garba. Alhaji ya zauna bisa kujerarmu guda ɗaya, muka gaisa, ya tambayi mutanen Tasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ɗiyata, mu nan nema muka zo. Shekarata goma sha tara a garin nan, abin da na haɗiye ba zai faɗu ba. Kar ki jawo wa mijinki magana saboda tsuntsu."

Na ce, "Baba Alhaji, ba saboda tsuntsu ba ne. Cewa aka yi na ci abin da ban ci ba. Kai ma ka ci kazar nan."

Ya ce, "Na ci, ta yi daɗi kuma. Amma wa zai tambaye ni?"

Na raka shi har zaure don girmansa. Na daina zuba gero. Ruwan kwanon kam ban daina ba.

Ranar ashirin ga azumi suka zo. Rana ce mai zafi irin wadda ba a saba ba, ba iska, itacen ya fara buɗe furensa fari, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Wajen sha ɗaya na ji hayaniya a zaure. Gardiye ne da ma'aikata biyu, ɗaya Bature, ɗaya baƙi dogo, da tsani da zarto. Na fita ko takalmi babu. Na tsaya gaban itacen na nuna sama, na tattaro duk Faransancin da nake da shi na ce akwai jarirai, jarirai huɗu, a jira kwana goma. Goma kawai! Na nuna yatsuna.

Gardiye ya ɗaga kafaɗa. Ya yi magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa kurma. Wai itacen na ɓoye ɓeraye, saiwarsa na fasa katanga. "Madam, itace ne kawai."

Na juya wurin baƙin ma'aikacin na yi masa sallama. Ya amsa a hankali. Leɓensa a bushe, na gane shi ma azumi yake. Ina jin ɗan Mali ne, ba ya jin Hausa. Ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Pardon, ma sœur," wato ki yi haƙuri, 'yar uwata. Ya hau tsani ya ciro sheƙar da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, ya sauko ya ɗora ta bisa rufin ɗakin ajiya. Iyakar abin da zai iya kenan, kuma Allah ya saka masa.

Na ɗaga kai ina kiran Madam Lusiyen. Na kira sau uku. Tagarta a rufe, labule a sake, ita da ko ruwa ake yi ba ta rufewa.

Ba su yi rabin awa ba. Ladan da matarsa suna ta shawagi daga katanga zuwa rufi suna wani kuka mai kaifi, tak-tak-tak, kamar ana buga ƙarfe. Rassa na faɗuwa, fure na zuba a kaina. Da suka gama sai kututture ya rage, fari, yana tsattsafar ruwa. Tsakar gidan ta yi haske fayau, ta koma abin da take tun farko, wurin ajiye shara. Gardiye ya ɗauki kwanon ruwan ya kife cikin kwando.

'Yan tsakin ba su yi gashi sosai ba, bakinsu ya fi kansu girma. A bisa rufin kwano, cikin rana, ba inuwa. Na ɗora kwali na yi musu rumfa. Uwar ta zo sau biyu da tsutsa a baki, ta tsaya nesa, ta koma. Da la'asar na ga kyanwa na hawa, na shigo da su ɗaki, in mutanen gidan suna so su sake rubuta wasiƙa. Na dafa ƙwai na murtsuke ina sa musu da tsinke, ni kaina jiri na ɗibana don ƙishirwa. Biyu suka mutu a ranar. Ɗaya kashegari. Na ƙarshen ya kai kwana uku, ya mutu a tafin hannuna ina cikin jiran shan ruwa. Na rasa ma inda zan binne shi, ko'ina siminti. Na tona gindin kututturen da cokali.

Ranar na ce wa Malam ya karanta mini sunayen da ke jikin takardar ƙorafin, don an haɗo kwafinta da wasiƙar kuma na lura ya ninke ta ya sa aljihu. Ya ce ba amfani. Na ce sai ya karanta. Suna goma sha ɗaya ne. Yawancinsu ko fuskarsu ban sani ba. Na uku shi ne na Madam Lusiyen.

Na hau matakala ban ko ɗaura ɗankwali daidai ba. Na buga har ta buɗe. Ta tsufa a kwana huɗun nan, ko kuwa ni ce na fara ganinta sosai. Ta fara magana da sauri. Abin da na tsinta shi ne: shekararta saba'in da takwas, haya tsohuwa take biya, sun daɗe suna neman hanyar fitar da ita, gardiye ya tsaya a kanta da biro. "Ina zan je, ma petite? Ina zan je?"

Da kalmar da ita ta koya mini na amsa mata. Na ce, "Vous savez." Kin sani. Kin san ban ci ba. Na faɗa sau biyu, na juya na sauka. Na ga tsoron da ke ranta, na gane shi, irin na Malam ne. Amma Malam shiru ya yi. Ita hannu ta sa.

Ranar salla Madam Lusiyen ta sauko da wani kek a faranti. Na karɓa don ba a mayar da hannun tsoho, na ce na gode, ban ce ta shigo ba. Wannan ne ganinmu na ƙarshe. An sha ce mini tsohuwa ce, tsoro ne, in yafe. Na yafe mata tsakanina da Allah tun tuni. Amma gardiyen nan da matarsa, har yau in na tuna fuskarsu sai na yi istigfari.

Takardar zamana ta fito. Bayan babbar salla Malam ya ce in haɗa kaya, Alhaji zai buɗe ƙaramin kanti a Lyon kuma shi zai riƙe. Sai daga baya na ji a bakin matar Alhaji cewa Malam ne ya roƙa, har sau uku. Ni bai ce mini komai ba. Watannin nan muna magana ne kawai ta abinci da wanki.

Muka sami gida a Bron, gefen Lyon, ɗaki biyu a ƙasa, cikin dogayen benayen nan. Lokacin ba taram, sai bas, kuma bayan unguwar akwai filaye da lambuna inda yanzu duk gini ne. Bayan tagar kicin akwai 'yar ciyawa da shingen itatuwa gajeru da ya zagaye benen. A nan na ga bushiya ta fito da magariba tana shinshina, da 'ya'yanta uku a baya. A nan na ga jan kurege mai wutsiya buzu-buzu. Turmina ya fito daga ƙarƙashin gado, don maƙwabciyata 'yar Aljeriya ita ma daka take. Na haifi Nafisa cikin Fabrairu. Da bazarar Turai ta zagayo, wasu ƙananan tsuntsaye masu jan ƙirji suka yi sheƙa cikin shingen, can ƙasa-ƙasa, daidai tagata. Ban zuba ko ƙwayar gero ba. Ban gaya wa kowa ba. Kallo kawai nake ta bayan labule.

Azumi ya sake zuwa, ya yi nisa. Wata Talata da safe na ji ƙarar inji daga ƙarshen benen. Masu gyaran unguwa ne suke aske shingen, suna tahowa taku-taku. Na goya Nafisa, na nufi ƙofa. A shekara ɗayan nan na koyi Faransancin da zai ishe ni faɗa, kuma na yi niyyar in zazzage shi duka.

Malam na bakin ƙofa da jakarsa, zai kama bas. Ya dube ni, ya dubi taga. Ashe ya sani. Ya ajiye jakar, ya shiga kicin ya ɗauko kujera.

Ya ce, "Koma ciki da yarinyar nan, akwai sanyi."

Ya fita ya dasa kujerar gaban shingen, ya zauna da kaftaninsa da hularsa, ya ciro carbi. Ina kallo ta taga. Da ma'aikatan suka iso suka kashe inji. Ya gaishe su da ladabi, ya nuna musu cikin ganye. Suka ce aikinsu ne, an ba su oda. Ya ce ya sani, shi ma ɗan aiki ne, amma ba zai tashi ba. Suka tafi suka zo da shugabansu, wani jajir mai tumbi, ya yi ta faɗa yana nuna agogo, ya ambaci ofis, ya ambaci 'yan sanda. Mutane suka fara leƙowa ta tagogi. Malam, wanda ko sunan ɗan sanda ya ji a rediyo sai ya rage murya, ya ce a kira su, yana nan. Yayyafi ya sauko, kafaɗunsa suka jiƙe, bai motsa ba. Kanti bai buɗu ba ranar.

Wajen azahar shugaban ya gaji. Ya durƙusa da kansa ya leƙa, ya daɗe, ya miƙe yana ƙunƙuni. Suka tsallake taku biyu suka ci gaba da askinsu. Har watan Yuli shingen benenmu ya zauna a daidaice sumul sai wannan wuri guda da ya yi tsiri kamar tukkun yaro, duk wanda ya wuce sai ya tambaya.

Da aka sha ruwa ranar, Malam ya zauna yana atishawa, ya riƙe kofin kunu bai kai baki ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da bara na zauna haka."

Na san abin da yake jira in ce. Ba komai, ya wuce, haka Allah ya so. Ban faɗa ba, don ba gaskiya ba ne, kuma shi ma ya sani.

Na ce, "Da ka zauna, Malam."

Ya gyaɗa kai. Na tura masa farantin dabino gabansa, na tashi na ɗora masa ruwan zafi da citta.